Kyamara, kwamfuta da tsagar kwalta: matsalar raɗa suna a hanyoyin yankin Cadakori

0. Gabatarwa

A cikin wannan ƙasida muna so mu bayyana yadda ake amfani da kyamara da kwamfuta domin gano tsagewar kwalta a kan hanyoyin mota, da kuma inda aka kwana game da na'urorin da ke liƙe tsagar da kansu. Za mu auna wannan fasaha da yanayin hanyoyin tsakiyar jahar Maraɗi, wato daga Gidan Rumji zuwa Agye (Aguié) da Gazawa, tare da ƙaramar hukumar Cadakori.

Mai karatu yana iya tambayar abin da ya kai mai nazarin harshe cikin aikin injiniyoyi. Dalilin shi ne, na'urar da muke magana a kanta tana gane abin da aka nuna mata ne kawai, aka kuma gaya mata sunansa. Ke nan kafin ta soma aiki sai an rarraba nau'o'in lalacewa, an raɗa wa kowane suna, an tabbatar masu aikin sun yarda da iyakar kowane suna. Wannan kuwa aiki ne na ma'ana da keɓaɓɓun kalmomi. A kashi na 1 za mu duba hanyoyin yankin da abin da ke lalata su. A kashi na 2, yadda na'ura ke gani. A kashi na 3, kalmomin Hausa da na Faransanci. A kashi na 4, maganar gyara.

1. Hanyoyin yankin da abin da ke cinsu

1.1. Iri uku na hanya

Cadakori ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Gidan Rumji, arewa da Tibirin Gobir. Babbar hanyar ƙasa ta 1 (RN1), wadda ake kira hanyar Haɗin Kai, ita ce jijiyar yankin baki ɗaya. Ta biyo daga Yamai ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni da Madawa, ta ratsa Gidan Rumji da Tibiri, ta taɓa Maraɗi, sa'annan ta wuce Cadawa da Agye da Gazawa da Tasawa zuwa Damagaram. Daga wajen Tibiri wata kwalta ta nufi arewa zuwa Dakwaro. Daga Maraɗi kuma RN9 ta yi kudu ta Ɗan Isa har iyakar Najeriya, inda ta haɗe da hanyar Jibiya da Katsina. Albasar Galmi da waken yankin da ayar Agye duk ta kan waɗannan hanyoyi suke isa kasuwa.

Abin da ya rage bayan waɗannan, hanyoyin burji ne da turbobin rairayi waɗanda amalanke da babura ke bi daga ƙauyuka zuwa bakin kwalta. Ya kamata mu riƙe wannan rabo na uku (kwalta, burji, turba), domin maganar tsaga ta shafi na farkon ne kaɗai.

1.2. Daga tsaga zuwa rami

Da yawa daga cikin hanyoyin kwalta na ƙasashen Sahel an gina su ne da marmara da aka shimfiɗa aka daɓe, sa'annan aka zuba kwalta da tsakuwa sau biyu a samanta (enduit superficiel bicouche). Kaurin wannan rufi bai kai santimita 3 ba. Ƙarfin hanya yana cikin marmarar; aikin kwalta shi ne hana ruwa isa gare ta. Kwatankwacinsa shi ne yaɓen rufin soro: azara ce ke ɗauke da nauyi, amma in yaɓe ya tsage aka bar shi har damina, azarar ce za ta ruɓe.

Abubuwa uku ke haɗuwa su kashe irin wannan hanya. Na farko zafin rana. A watannin Afirilu da Mayu zafin iska a Maraɗi yakan haura digiri 40, fuskar kwalta kuwa ta fi haka zafi nesa ba kusa ba. Da tafiyar shekaru kwalta takan bushe, ta rasa danƙonta, ta soma darewa. Na biyu nauyin kaya. Gwajin da aka yi a jahar Ilinoyi ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 (gwajin AASHO) ya nuna cewa ɓarnar da sandar ƙafafun mota (essieu) ke yi wa hanya tana ƙaruwa da sauri fiye da nauyin kansa: in aka ninka nauyin sau 2, ɓarnar takan ninka kimanin sau 16. Saboda haka ne dokar UEMOA mai lamba 14 ta shekarar 2005 ta ƙayyade tan 11 da rabi ga sanda guda. Kamyo ɗaya da aka yi wa lodin wuce kima ya fi dubban ƙananan motoci cin hanya. Na uku ruwa. Daga Yuni zuwa Satumba ruwa yakan sauko da ƙarfi cikin ɗan lokaci, ya bi tsaga ya jiƙa marmara, ta yi laushi. Taya ta danna, kwalta ta farfashe, tsakuwa ta fita, rami ya buɗe. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin lura a nan shi ne bambancin kuɗi tsakanin matakan. Liƙe tsaga aiki ne na ƴan litocin kwalta. Cike rami yana buƙatar yanka da tsakuwa da daɓe. Sāke hanya kuwa sai da bashin ƙasashen waje. Rahoton Bankin Duniya na 1988 kan lalacewar hanyoyi a ƙasashe masu tasowa ya ƙiyasta cewa ƙasashe 85 sun yi asarar hanyoyi na kimanin dala biliyan 45, alhali gyaran rigakafi na kimanin dala biliyan 12 da ya hana wannan asara. Amfanin gano tsaga da wuri ke nan.

2. Yadda na'ura ke gani

2.1. Idon ma'aikaci da kundin lalacewa

Tun kafin kwamfuta, ma'aikaci ne ke tafiya a ƙasa ko cikin mota a hankali, yana rubuta abin da ya gani. Domin kada kowa ya rubuta son ransa, aka tsara kundaye masu hotuna da sunaye. Wanda ya fi shahara a ƙasashenmu masu amfani da Faransanci shi ne tsarin VIZIR, wanda Paul Autret da Jean-Louis Brousse na ɗakin binciken hanyoyi da gadoji na Faransa (LCPC) suka fitar a 1991. VIZIR ya kasa lalacewa gida biyu. Rukunin A shi ne wanda ke nuna cewa jikin hanya ya gaji, kamar lotsewa da tsagar gajiya. Rukunin B shi ne wanda ya tsaya a fata ko ya samo asali daga kuskuren aiki, kamar ɓamɓarewar tsakuwa. Kowace lalacewa ana ba ta matsayin tsanani daga 1 zuwa 3, a ƙarshe a ba kowane yankin hanya maki daga 1 (lafiya lau) zuwa 7 (ya mutu).

Wannan aiki yana cin lokaci, yana da haɗari ga mai tafiya a bakin hanya, kuma mutum biyu ba safai suke ba wuri ɗaya maki ɗaya ba. Shi ya sa tun cikin shekarun 1970 Faransa ta ƙera mota mai ɗaukar fim ɗin fuskar hanya (GERPHO), wanda ake dubawa daga baya a ofis. Daga bisani aka samu motoci masu hasken leza, kamar tsarin LCMS na Kebek a Kanada, wanda ke auna faɗin mita 4 na hanya daki-daki yayin da mota ke gudun kilomita 100 a awa. Leza tana auna zurfi, don haka inuwa ba ta ruɗinta. Sai dai tsadar irin wannan mota ta fi ƙarfin ƙaramar hukuma.

2.2. Daga ƙa'ida zuwa koyo da misali

A wurin kwamfuta hoto jerin ɗigo ne, kowane ɗigo da lambarsa daga 0 (baƙi ƙirin) zuwa 255 (fari fat). Tsofaffin dabaru sun dogara ga ƙa'idar da mutum ya rubuta: duk layi siriri da ya fi kewayensa duhu, tsaga ce. Wannan ƙa'ida tana faɗuwa da zarar inuwar wayar lantarki ko ɗigon baƙin mai ta shiga hoto.

Sabuwar dabara, wadda ta bazu daga wajen 2016, ta bar rubuta ƙa'ida. Ana tara dubban hotuna, mutum ya zana akwati a kewayen kowace lalacewa ya sa mata laƙabi. Sai a ba kwamfuta hotunan ɗaya bayan ɗaya. Ta yi hasashe, a gwada hasashen da laƙabin mutum, ta gyara lambobin cikinta gwargwadon kuskurenta, a maimaita har kuskuren ya ragu. Masu nazarin harshe za su gane wannan nan da nan: bambanci ne tsakanin koyon kalma daga ma'anar ƙamus da koyonta kamar yadda yaro ke yi, ta nuni da maimaici. Taskar hotunan kuwa daidai take da taskar matani mai laƙabi (corpus étiqueté), da duk alherinta da duk aibinta.

A 2018 Hiroya Maeda da abokan aikinsa na Jami'ar Tokiyo suka nuna cewa wayar salula da aka liƙa a gilashin mota ta isa wannan aiki. Sun tara hotuna 9,053 daga ƙananan hukumomi 7 na Japan, suka raba lalacewar gida 8. Taskar ta ci gaba da girma: ta 2022 (RDD2022) tana da hotuna 47,420 daga ƙasashe 6, wato Japan da Indiya da Jamhuriyar Cek da Norwe da Amurka da Sin. Laƙabobinta na asasi 4 ne: D00 tsagar da ta bi tsawon hanya, D10 wadda ta gitta, D20 mai kama da raga, D40 rami. A gasar da aka shirya kan taskar 2020, ƙungiyar da ta zo ta ɗaya ta samu maki kusan 67 cikin 100, a ta 2022 kuma kusan 77. Makin yana haɗa abu biyu: yawan tsagar da na'ura ta gano cikin waɗanda ke akwai, da yawan gaskiya cikin abin da ta kira tsaga.

2.3. Abin da taskar ba ta taɓa gani ba

Babu ƙasar Afirka ko ɗaya cikin ƙasashe shidan nan. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, domin binciken Deeksha Arya da abokan aikinta na 2021 ya nuna cewa na'urar da aka horar da hotunan Japan ƙwazonta yana raguwa a kan hanyoyin Indiya, kuma yana farfaɗowa in aka gauraya hotunan gida cikin na horo. In muka kawo ta tsakanin Agye da Gazawa, ga wasu abubuwan da za ta tarar:

a) Tsagar da rairayi ya cika. A Japan tsaga ta fi kwalta duhu. A nan rairayin da iska ta zuba ciki yakan sa ta fi kwalta haske.
b) Kwalta da ƙura ta rina, har launinta ya kusa da na marmarar gefe, ga kuma hazon hunturu da ke dushe hoto.
c) Inuwar dogon yaro da gawo a mashigar garuruwa, da kashin shanu, da sawun amalanke.
d) Ramin da yara suka cike da ƙasa suna roƙon direbobi ɗan abin hannu. A hoto wurin ya yi sumul, alhali ruwan farko zai kwashe cikon.
e) Bakin kwalta da ya ɓalgace har hanya ta tsuke. Wannan na cikin manyan cututtukan kwalta maras kauri, amma ba shi da gurbi cikin laƙabobi huɗun da muka ambata.

Misali na ƙarshe shi ne ya fi muhimmanci a wurinmu. Abin da ba shi da laƙabi, na'ura za ta wuce shi ko ta cusa shi cikin laƙabin da ba nasa ba.

3. Kalmomin lalacewar hanya

3.1. Faransanci na amfani da suna, Hausa da aikatau

In za a gina taskar hotuna ta gida, waɗanda za su sa laƙabi da waɗanda za su kai rahoto (ɗalibai, leburorin hanya, direbobi, wakilan ƙauyuka) da Hausa suke tunanin hanya. Ko sunan abin da aka shimfiɗa aro ne ta ƙofa biyu: kwalta daga Ingilishi ta hanyar Najeriya, da kuma goudron na Faransanci wanda furucinsa ya bambanta daga baki zuwa baki. Amma kalmomin lalacewa na gida ne. Mu duba waɗannan jimloli:

(1) a. Kamyo ya tsaga kwalta.
b. Kwalta ta tsage.
c. Kwalta ta tsattsage.
(2) a. Kwalta ta fashe.
b. Kwalta ta farfashe.
(3) a. Bakin hanya ya ɓalgace.
b. Kwalta ta ɓamɓare.
c. Hanya ta lotsa.
d. Ruwa ya zaizaye gefen hanya.
e. Rairayi ya cinye hanya.
f. Hanya ta yanke.

Kundin Faransanci yana amfani da sunaye, kuma yawancinsu siffa suke bayyanawa ko kamanni: fissure longitudinale, fissure transversale, faïençage, nid de poule, tôle ondulée. Hausa kuwa aikatau take sa wa gaba, tana faɗin abin da ya auku. A (1a) aikatau so-karɓau ne na aji na 1 a tsarin Parsons (1960), kuma ya ambaci mai laifi. A (1b) aji na 4 ne ƙi-karɓau, wanda ke nuna sakamako ba tare da mai aikatawa ba. A (1c) da (2b) ninki ne, abin da Newman ya kira jam'in aiki, wato aikin ya auku sau da yawa ko a wurare da yawa.

Daga nan abubuwa biyu suka fito. Na ɗaya, Hausa tana da tsani na tsanani a cikin ginin kalma kanta: tsage, tsattsage, farfashe. Wannan tsani ya yi kusa da matakai uku na VIZIR, ko da yake bai yi daidai da su ba, domin tsattsage yawan tsaga yake nunawa, bai ce sun sarƙe da juna ba. Na biyu, aikatau na Hausa bai damu da inda tsaga ta dosa ba. Ga direba, tsagar tsaye da ta gicciye duk tsaga ce. Ga injiniya kuwa bambancin yana da ma'ana: wadda ta bi sawun taya sau da yawa alamar gajiya ce, wadda ta gitta hanya kuma galibi daga taƙurewar abin da aka shimfiɗa take. A nan dole a ƙara wa Hausa siffa.

Akasin haka ma yana faruwa. Faransanci da Ingilishi sun ware ramin kwalta da suna nasa, Hausa kuwa rami take cewa, ko na hanya ne ko na gafiya. Amma (3e) da (3f) sun nuna abin da mutumin Cadakori ya fi tsoro, wato rairayi ya binne hanya ko ruwan gulbi ya yanke ta, kamar yadda aka gani a wurare da dama na ƙasar nan a daminar 2024. Laƙabobin taskar Tokiyo ba su tanadi ko ɗaya daga ciki ba.

3.2. Faso da fatar kada

Kalmar faïençage ta cancanci a tsaya a kanta. Asalinta daga dare-daren da ke fitowa a jikin tangaran ne, wasu kuma suna cewa peau de crocodile. Fassarar da ta fi saurin zuwa ita ce fatar kada. Sai dai abu biyu ne ke iya ba da wannan kama a hoto. Akwai ƙananan dare-dare na sama da tsufan kwalta ke kawowa, marmara tana nan da ƙarfinta. Maganinsu sabon shafe. Akwai kuma ragar da ke fitowa a sawun taya, tare da lotsewa, saboda ƙarƙashi ya mutu. Shafe a kanta asarar kuɗi ce, sai an tone.

Muna ganin Hausa tana da kalmar da za ta raba su. Faso shi ne tsagewar dunduniya a lokacin hunturu: kowa ya san bushewa ke kawo shi, a fata yake, kuma da mai ake maganinsa. Saboda haka muna ba da shawarar a kira na farko fason kwalta, a bar fatar kada ga na biyu. Sunan da ke ɗauke da sanadi da magani ya fi sauƙin riƙewa ga mai sa laƙabi bisa lamba irin D20.

3.3. Jerin gwaji

Ga jerin da muke gabatarwa domin a tattauna:

tsagar tsaye: fissure longitudinale
tsagar gicciye: fissure transversale
fason kwalta: faïençage na tsufa
fatar kada: faïençage na gajiya
rami: nid de poule
ɓalgacewar baki: épaufrure de rive
ɓamɓarewa: pelade
lotsewar sawu: orniérage
zufar kwalta: ressuage
gargada: tôle ondulée
zaizaya: ravinement
cin rairayi: ensablement

Hanyar gwada jerin ita ce wadda muka saba da ita a aikin taskar matani. A ba mutum biyu ko uku hotuna ɗaya, kowa ya sa laƙabi shi kaɗai, a lissafa inda suka dace da inda suka saɓa. Laƙabin da mutane ke yawan saɓawa a kansa, ko dai a sāke masa ma'ana, ko a raba shi, ko a haɗe shi da wani. Na'ura ba za ta wuce masu koyar da ita daidaito ba. In sun saɓa, saɓanin za ta koya.

4. Maganar gyara

4.1. Na'urori masu liƙe tsaga

Liƙe tsaga (colmatage) matakai huɗu ne: a hure ƙura da iska mai ƙarfi, a tabbata wurin ya bushe, a zuba narkakkiyar kwalta mai gauraye da roba a zafin digiri 180 zuwa 200, a barbaɗa yashi. Tun farkon shekarun 1990 Jami'ar Kalifoniya a Debis da Jami'ar Tekzas a Ostin suka ƙera motocin gwaji masu hannun ƙarfe da ke bin tsaga. A 2012 cibiyar binciken Georgia Tech ta nuna wata da ke ganowa ta liƙe tana tafiyar kilomita 5 a awa. A watan Maris na 2024 aka gwada ARRES PREVENT, ta kamfanin Robotiz3d wanda ya fito daga Jami'ar Libaful, a kan titin jama'a a gundumar Hatfodshaya ta Ingila. Wata hanyar dabam ita ce ta Erik Schlangen na Jami'ar Delft a Holan: ana zuba zaren ƙarfe cikin kwalta, a riƙa ɗumama shi da maganaɗisu domin ƙananan tsagogi su haɗe da kansu, an shimfiɗa yankin gwaji a babbar hanyar A58 a 2010.

Dalilan da suka haifi waɗannan na'urori su ne tsadar lebura da haɗarin tsayawa cikin cunkoson motoci. An kuma ƙera su ne domin kwalta mai kauri, inda tsaga ke daɗewa tana tsaga. A kan shafe biyu maras kauri, tazarar da ke tsakanin tsaga da rami gajera ce, kuma gyaran da ya dace sau da yawa shi ne facin da ake kira point-à-temps: a fesa ruwan kwalta, a zuba tsakuwa, a danne. Wannan aiki ƙungiyar ƴan mutane da tanki da tsintsiya da abin daɓe tana iya yinsa. A yankin da matasa ke tafiya cin rani saboda rashin aiki bayan girbi, sayen hannun ƙarfe da kuɗin waje domin ya maye gurbinsu ba shi da hujja.

4.2. Inda na'ura ke da amfani

Ke nan a rabe abu biyu da ake yawan haɗawa. Ganowa ta yi arha: waya, da abin riƙe ta a gilashi, da motar da dama can tana bin hanyar. Kowane hoto yana zuwa da matsayinsa na GPS, don haka a rana ɗaya ana iya samun taswirar lalacewa daga Gidan Rumji zuwa Gazawa. A hanyoyin burji, inda ba a maganar tsaga, wayar tana da wani amfani: ma'aunin girgiza da ke cikinta yana iya ƙiyasta gargada bisa ma'aunin IRI da Bankin Duniya ya kafa a 1986, wanda ake lissafawa da mita a kowace kilomita. Ga ƙauyukan Cadakori wannan ya fi kusa da buƙatarsu.

Gyara kuwa yana nan da tsadarsa. A Nijar an kafa asusun CAFER a 1999 domin kula da hanyoyi, a 2017 aka maye gurbinsa da FER, wanda ke samun kuɗi daga harajin man fetur da kuɗin hanya da ake karɓa a shingaye. Taswira ba ta ƙara wa asusu ko dala ɗaya. Abin da take yi shi ne nuna inda ɗan abin da ke akwai zai fi tsawaita ran hanya, da kuma ba da shaida mai kwanan wata wadda ƙaramar hukuma za ta iya ajiyewa a gaban hukumomin Yamai. Lokaci ma yana da muhimmanci. In aka ɗauki hotuna a Oktoba ko Nuwamba bayan ɗaukewar ruwa, ana iya liƙe tsaga a Disamba da Janairu, lokacin da sanyi ya buɗe ta kuma ta bushe, tun kafin ruwan Yuni. Rahoton da ya kwana shekara a ofis, tsagoginsa sun riga sun zama ramuka.

5. Kammalawa

Mun nuna cewa na'urar gano tsaga tana koyo ne daga hotunan da mutum ya sa wa laƙabi, cewa taskar RDD2022 ba ta ƙunshi hanyoyin Afirka ba, kuma cewa laƙabobinta sun bar wasu cututtukan da suka fi addabar kwalta maras kauri. Mun kuma nuna cewa Hausa da Faransanci ba a wuri ɗaya suke yanka filin ma'anar lalacewa ba: ɗaya ta fi kula da aukuwa da tsanani, ɗayan da siffa da fuskar da tsaga ta dosa.

Aikin da ke gaba na haɗin gwiwa ne. Sashen gine-gine na IUT a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi da ɗakin binciken ayyukan gine-gine na ƙasa (LNTP/B) su ne suka san sanadi da magani. Namu rabon shi ne tattara kalmomin da direbobi da leburori da masu amalanke ke amfani da su a tashoshin Tibiri da Agye da Gazawa, da duba bambancin karin harshe tsakanin Gobir da Katsina, da rubuta ɗan littafin jagora cikin harsuna biyu, da auna daidaiton masu sa laƙabi. Wannan ya isa batun kundin digiri na biyu ga ɗalibi ɗaya ko biyu. Muna maraba da gyara da ƙari a kan jerin da ke 3.3, musamman game da faso da fatar kada.